Manhaja ta ƙi tashi bayan mizajur a Linux? Dakata da ln -s ɗin nan tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa masu gyaran kwamfuta da ɗalibai da masu shagon buga takardu na Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Kusuri da Njamena. Maganar yau ta masu Linux ce, musamman Ubuntu da Linux Mint da Debian tunda su suka fi yawa a hannun mutanenmu. Ka yi mizajur, wato sabunta tsari, ka ɗaga injin daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04 ko 24.04, ka ƙona data mai yawa, komai ya yi kyau, kashegari ka zo buɗe wata manhaja da ake cin abinci da ita ko direban firinta sai ta ƙi motsi, ka kira ta daga taminal, tagar da ake buga umarni a rubuce, ta jefo maka wannan:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

Ko da Faransanci ka saita injin wannan saƙon da Turanci zai fito, kar ya ruɗe ka. Kana kwafa shi ka nema a intanet za ka ga an ba ka layi ɗaya tal, wai ka buga sudo ln -s ka haɗa libssl.so.3 da sunan libssl.so.1.1 shi ke nan an wuce wurin. Wannan layin shi nake so mu zauna a kansa, don yana yawo sosai a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp kuma yara masu koyon gyara suna ɗaukarsa a matsayin gwaninta, alhali injin mutane ake sakawa cikin haɗari.

Mece ce lambar da ke ƙarshen sunan

Manhajoji a Linux ba kowace ke ɗauke da kayan aikinta duka ba. Aikin ɓoye sirri a intanet, karanta hoto, zana rubutu a taminal, duk an tara su a fayilolin da ake kira laburare, masu .so a sunansu, kowa na aro daga wuri ɗaya, yawanci cikin /usr/lib/x86_64-linux-gnu. Lokacin da aka haɗa manhajar an rubuta mata a ciki cewa ni libssl.so.1.1 nake so, ranar da ka kira ta wani ɗan shiri mai suna ld.so shi ke zuwa ya nemo fayil mai wannan sunan ya loda mata.

To lambar nan ta bayan .so alkawari ce daga masu laburaren. Muddin ba su canja ta ba suna ce maka duk gyaran da muka yi a ciki tsohuwar manhaja za ta ci gaba da aiki, shi ya sa ake ta sabunta libssl.so.3 don toshe ramukan tsaro ba abin da ke karyewa. Ranar da suka canja ta kuwa da gangan suka yi, sun cire wasu fankshin, wato ƙananan ayyukan da manhaja ke kira da suna a cikin laburaren, ko sun canja girman bayanan da ake miƙa wa juna ko jerinsu, kuma suna so tsohuwar manhaja ta tsaya cak a bakin ƙofa maimakon ta shiga ta yi ɓarna. OpenSSL ita ce mai libssl, sigarta ta 3.0 ta fito a watan Satumba 2021, Ubuntu 22.04 ta ɗauke ta a Afrilu 2022 ta ajiye 1.1, Debian 12 ma haka a 2023, Mint 21 da aka gina kan 22.04 ta bi sahu. Saƙon kuskuren da ka gani tsarin ne yake aikinsa daidai.

Simlink ɗin da ake ce ka yi, wato suna na biyu mai nuna wani fayil wanda ln -s ke ƙirƙira, ba ya canja komai a cikin fayil, suna kawai yake liƙa masa. Kamar ka ɗauki jarkar gazwal, man dizal, ne ka rubuta zuwa-zuwa, wato fetur, a jikinta ka miƙa wa mai babur, zai karɓa ya zuba tunda rubutun ya gani, abin da zai biyo baya injinsa ne zai faɗa.

Abubuwa uku ke iya faruwa, kuma na ukun ne ya fi damuna

Na farko ta sake ƙin tashi da wani saƙon daban. Da OpenSSL haka ake yi yawanci, za ka ga version OPENSSL_1_1_0 not found, domin sun sa wa kowane fankshin tambarin sigarsa. Laburaren ICU ma haka, su lambar ma a jikin sunan fankshin suke manna ta, manhajar da aka gina da libicuuc.so.66 na Ubuntu 20.04 tana neman sunaye masu ƙarewa da 66, ka ba ta 70 na 22.04 ko 74 na 24.04 ba za ta samu ko ɗaya ba. libjpeg kuma da bakinta take faɗa, Wrong JPEG library version: library is 80, caller expects 62. In ka faɗa nan ka yi sa'a, ba ka rasa komai ba sai lokaci, amma ka tuna ka bar fayil ɗin ƙarya a cikin tsarin, za mu zo kan yadda ake cire shi.

Na biyu ta buɗe lafiya, ka ce Alhamdulillahi ka karɓi kuɗinka ka tafi, bayan kwana biyu mai shago ya danna wani maɓalli da ba a taɓa ba ranar gwaji manhajar ta rufe kanta da symbol lookup error: undefined symbol. Dalili shi ne manhajoji da yawa ba sa neman kowane fankshin tun a farko, sai lokacin da aka kira shi karon farko ake zuwa nemansa, to in maɓallin ajiyewa ne ko na bugawa ke kiran wanda aka cire, aikin da aka yi awa guda ana shigarwa ya tafi kenan.

Na uku shi ne sunayen duka suna nan, ba wanda ya yi ƙorafi, amma girman abin da ke bayan sunan ya canja. Misali ncurses, laburaren da tsofaffin manhajojin taminal ke zana allo da shi, da ta koma siga ta 6 a 2015 an ƙara girman wurin da ake ajiye bayanin kowane harafi don ya ɗauki launuka da yawa. Tsohuwar manhaja za ta ware wuri daidai tsohon girma, sabon laburare ya zo ya rubuta fiye da wurin, abin da ya yi saura ya hau kan duk bayanin da ke maƙwabtaka da shi a memori. Wani lokacin Segmentation fault za ka gani, wani lokacin ba za ka ga komai ba sai dai wata lamba ta canja a wani wurin da ba ka duba ba. Haka libtiff da direbobin sikana da firinta ke yawan nema, 22.04 tana da libtiff.so.5, 24.04 tana da libtiff.so.6, an canja lambar ne saboda ma'aunin ƙirga shafukan cikin fayil ya tashi daga bit 16 zuwa bit 32. Wannan simlink ɗin sau da yawa yana loduwa shiru kuma ya yi kamar yana aiki, shi ya sa mutane ke rantsuwa da shi, amma manhajar da laburaren ba da ma'auni ɗaya suke ƙirge ba kuma ba wanda ya gwada haɗin nan ya tabbatar maka. Ni dai ba zan ɗora lissafin kayan famasi ko makin 'yan makaranta a kan abin da ba wanda ya gwada ba, wallahi haƙƙin mutane ne.

Akwai kuma matsalar da ke zuwa daga baya ko da komai ya tafi daidai. Fayil ɗin da ka ƙirƙira da hannu a /usr/lib, apt mai saka manhajoji da sabunta su bai san da shi ba, ba zai sabunta shi ba ba zai goge shi ba, kuma ba manhaja ɗaya ka yi wa ba, duk wata manhaja da za a saka nan gaba mai neman wannan tsohon sunan ita ma za ta faɗa ciki. In ka nuna shi ga cikakken suna mai dogon lamba, ranar da mizajur ta kawo sabon fayil ta ɗauke wancan sai simlink ɗinka ya koma nuna babu. Wanda zai zo gyara bayanka kuma zai sha wahala yana neman ciwo a inda ba ya nan.

Mataki na 1: karanta saƙon har ƙarshe

Kira manhajar daga taminal ka kwafi saƙon gaba ɗaya. In ya ce cannot open shared object file, tsohuwar manhaja ce a sabon tsari, ita ce maganarmu. In ya ce version GLIBC_2.34 not found ko wata lamba irin wannan, akasin haka ne, manhajar ce sabuwa tsarinka ne tsoho, tsallake zuwa mataki na 7 kar ka taɓa komai. In undefined symbol ne ko version wani abu not found a kan laburaren da ba glibc ba, wato babban laburaren da kusan komai ke rataye da shi, akwai yiwuwar wani ya riga ka yin simlink a injin, duba mataki na 8.

Saƙonnin apt su suna fitowa da Faransanci in haka aka saita injin, kuma amsoshin da ke intanet na Turanci sun fi yawa, don haka sa LC_ALL=C a gaban umarnin, kamar sudo LC_ALL=C apt update, zai fito da Turanci ka nema da shi.

Mataki na 2: ga abin da take nema, ga abin da kake da shi

objdump -p /hanyar/manhajar | grep NEEDED

Wannan zai jero maka duk laburaren da ta rubuta tana so, yana cikin fakej ɗin binutils in babu shi a injin. Sai kuma

ldd /hanyar/manhajar | grep "not found"

ya nuna waɗanda aka rasa, sau da yawa ba ɗaya ba ne, saƙon farko na farkon da aka rasa kawai yake faɗa. Amma ldd kar ka yi shi a kan fayil ɗin da ba ka yarda da asalinsa ba irin wanda aka turo maka a filash ba ka san daga ina ba, littafin bayaninsa da kansa ya yi gargaɗi cewa a wasu yanayi yana iya tayar da abin da ke cikin fayil ɗin, objdump karantawa kawai yake yi. Daga nan

ldconfig -p | grep libssl

zai nuna wace siga ce ke injin yanzu. Rubuta su a takarda, abin da take so da abin da ke akwai.

Mataki na 3: daga ina manhajar ta fito

Nan ne rabin matsalolin ke mutuwa ba tare da wata dabara ba. Buga dpkg -S da cikakkiyar hanyar manhajar. In fakej ne na Ubuntu ko Debian ɗin kanta, to bai kamata a ce ta rasa laburare ba sam, ma'ana mizajur ɗin ce ba ta ƙarasa ba, kuma mu nan mun san dalili, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki ko data ta ƙare ko injin ya yi zafi ya kashe kansa a watan Afrilun Garwa. Maganinsa a ƙarasa ta:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install
sudo apt update
sudo apt full-upgrade

Kafin ka amsa masa ee karanta jerin abin da ya ce zai cire, in ka ga zai kwashe rabin tebur ɗin injin tsaya ka duba dalili. Bayan ya gama kashe injin ka kunna, domin shirye-shiryen da ke tafe tun kafin mizajur suna riƙe da tsofaffin laburare a memori har sai an sake tayar da su.

In daga wani wurin ajiya na waje ta zo, irin PPA, rumbun da wani ya buɗe da kansa, ko na kamfanin da ya yi ta, ka sani do-release-upgrade, umarnin ɗaga Ubuntu, yana kashe waɗannan wuraren lokacin ɗaga tsari, manhajar ta zauna a tsohuwar sigarta. Je shafin masu ita ka duba ko sun fitar da ta sabon tsarin, ka mayar da wurin ajiyar da sunan sabon, jammy na 22.04 ko noble na 24.04. Masu MongoDB da tsofaffin .NET da wkhtmltopdf sun sha wannan da libssl1.1, kuma hanyar da ta dace ita ce ɗaukar sigar da aka gina wa sabon tsarin.

In kai ka haɗa ta da make, sake haɗa ta, minti kaɗan ne. Ɗalibai masu Python kuma, Ubuntu 20.04 Python 3.8 gare ta, 22.04 na da 3.10, 24.04 na da 3.12, tsohon venv ɗinku ba zai rayu ba, ku goge foldar ku sake ƙirƙira ku yi pip install -r requirements.txt, dan Allah kar ku haɗa libpython3.8 da wata siga da simlink.

Masu Arch ko Manjaro ku kuma kun san dokarku, ba a sabunta rabi a bar rabi, pacman -Syu gaba ɗaya, sannan a sake gina abin da aka ɗauko daga AUR.

Mataki na 4: duba ko tsohon laburaren yana nan a hukumance

Abin da mutane ba su lura ba shi ne an yi tsarin lambobin nan ne daidai don tsoho da sabo su zauna gefe da gefe ba faɗa. Saboda haka kafin komai tambayi apt:

sudo apt install apt-file
sudo apt-file update
apt-file search libtinfo.so.5

A 22.04 misali libtinfo5 da libncurses5 suna nan ana iya saka su kai tsaye, na gaskiya ba na bogi ba, a 24.04 ne aka cire su. In ka samu a nan ka huta. apt-file update yana cin data kaɗan fa, in kana kan ƙaramin fofe, wato datar da ka saya ba ta da yawa, shiga packages.ubuntu.com ko packages.debian.org ka nemi sunan fayil ɗin a can.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙara layin focal, wato rumbun 20.04, cikin sources.list, jerin rumbunan da apt ke ɗauko kaya, na injin da ke kan jammy don kawai ka samu libssl1.1. An fi ba da wannan shawarar bayan ta simlink, kuma in ka manta layin a wurin apt zai riƙa ganin fakej na tsari biyu a lokaci ɗaya har wata rana ya rikice maka. Haka dpkg --force-depends, zai tura fakej ɗin ciki da ƙarfi amma daga ranar apt zai riƙa tsayawa yana cewa akwai abin da ya karye, in ka ce ya gyara sai ya cire manhajar da ka sha wahala a kanta.

Mataki na 5: ba wa manhajar tsohon laburarenta ita kaɗai

In masu manhajar sun daina fitar da sabuwa, ko firintar tsohuwa ce kuma mai ita ba shi da kuɗin wata, wannan ita ce hanyar da nake bi. Za ka ɗauko ainihin tsohon laburaren amma ba za ka saka shi cikin tsarin ba, za ka ajiye shi a foldar manhajar ita kaɗai ke ganinsa.

Sauko da fayil ɗin .deb daga rumbun Ubuntu na hukuma, archive.ubuntu.com, na OpenSSL yana ƙarƙashin pool/main/o/openssl, ka ɗauki libssl1.1 mai amd64 mafi sabo da ka gani. Na sigogin da aka rufe tuni suna old-releases.ubuntu.com, na Debian kuma snapshot.debian.org. Kar ka ɗauki fayil ɗin .so daga wani shafi da ba ka sani ba ko daga wayar wani, laburare yana shiga cikin manhajar ne da duk ikon da take da shi, wanda ya sa masa mugun abu ya gama da kai. Sai ka warware shi ba tare da sakawa ba:

mkdir tsoho
dpkg-deb -x libssl1.1_*.deb tsoho
sudo mkdir -p /opt/manhaja/lib
sudo cp -a tsoho/usr/lib/x86_64-linux-gnu/lib*.so.1.1 /opt/manhaja/lib/

Lura fayil biyu ne, libssl.so.1.1 da libcrypto.so.1.1, tare suke tafiya. Yanzu rubuta ɗan fayil na tayarwa, ka sa masa suna kamar /usr/local/bin/tayar-manhaja:

#!/bin/sh
LD_LIBRARY_PATH=/opt/manhaja/lib exec /opt/manhaja/bin/manhaja "$@"

Ka yi masa sudo chmod +x, ka gyara gunkin da ke kan tebur ya riƙa kiran wannan. Sake gwada ldd da LD_LIBRARY_PATH ɗin a gabansa ka tabbatar ba sauran not found, in tsohon laburaren shi ma yana neman wani tsoho ka ɗauko shi ta hanya ɗaya.

LD_LIBRARY_PATH ɗin nan a cikin fayil ɗin tayarwa kawai zai zauna. Kar ka kai shi .bashrc ko /etc/environment, kar kuma ka zuba foldar cikin /etc/ld.so.conf.d, in ka yi haka ka mayar da shi na kowa da kowa. Wani tarko kuma, in ka rubuta shi ya ƙare da alamar digo biyu ba komai a bayanta, ld.so yana ɗaukar wannan gurbin a matsayin foldar da kake tsaye a ciki, wato duk wanda ya ajiye fayil mai sunan laburare a can za a loda shi. Sannan duk shirin da manhajar ta kira, kamar mai buɗe PDF ko burauza, yana gadon wannan saitin, shi ya sa foldar ta ƙunshi abin da aka rasa kawai, kar ka juye tsohon /usr/lib gaba ɗaya a ciki. Wanda bai son wannan gadon zai iya amfani da patchelf --force-rpath --set-rpath /opt/manhaja/lib a kan kwafin manhajar, hanyar ta shiga cikin fayil ɗin kanta, amma ajiye na asali tukuna.

Kar in ɓoye maka, wannan hanyar ma tana da nata haɗarin. OpenSSL 1.1.1 masu ita sun daina tallafa mata a fili tun 11 ga Satumba 2023, Ubuntu 20.04 kuma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a Mayu 2025, kwafin da ka ajiye a /opt ba wanda zai toshe masa rami. In manhajar a cikin shago take ba ta fita intanet, ana iya zama da ita. In saba ce da ke fuskantar duniya ko tana taɓa kuɗi da kalmar sirrin mutane, wannan gada ce ta 'yan makonni kafin a samu mafita, ka faɗa wa mai injin haka ɓaro-ɓaro. Kuma yana yiwuwa manhajar ta lodi tsohon libssl ta kuma lodi libcurl na tsarin wanda shi sabon yake jawowa, siga biyu a ciki ɗaya, sau da yawa suna zama lafiya amma in suna miƙa wa juna bayanai sai a samu faɗuwa. In ka ga haka wuce mataki na gaba.

Ka bar takarda. Fayil ɗin rubutu a /opt/manhaja mai cewa ranar kaza na ɗauko fakej kaza daga wuri kaza saboda kaza, wanda zai gaje ka zai yi maka addu'a.

Mataki na 6: in abin da aka rasa ya yi yawa

Laburare ɗaya ko biyu ana iya bi da hannu, in sun kai biyar shida gara ka ba manhajar tsohon tsarin gaba ɗaya a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wuri a cikin injin mai ɗauke da nasa tsarin daban. Docker ko Podman, ko distrobox wanda ya fi sauƙi ga manhaja mai taga tunda yana haɗa ta da allonka da foldar gidanka. Asalin hoton ubuntu:20.04 bai kai mega 30 ba wajen saukewa, abin da za ka ƙara a kai ne ke cin data, kuma in ka gina sau ɗaya docker save zai fitar maka da shi a fayil ka kai wa abokin aiki a Marwa a filash ya yi docker load ba sai ya sake saukewa ba. Direban na'ura mai USB shi ya fi wuya a kwantena, wani lokacin VirtualBox da tsohon tsarin a ciki ya fi sauƙi in injin na da memori. Duba kuma ko akwai Flatpak ko AppImage na manhajar don su da kayansu suke zuwa. AppImage a 22.04 kan nemi libfuse.so.2, fakej ɗin libfuse2 za ka saka, a 24.04 libfuse2t64, kar ka saka wanda ake kira fuse zalla don yana ture fuse3 ya tafi da wasu sassan tebur.

Mataki na 7: glibc ba a taɓa ta

Fayil ɗin libc.so.6 kusan kowane umarni a injin yana rataye da shi, ls da cp da mv da sudo duka. Ubuntu 20.04 da Debian 11 suna da 2.31, 22.04 na da 2.35, Debian 12 na da 2.36, 24.04 na da 2.39. Sabuwar glibc tana ɗaukar tsofaffin manhajoji, tsohuwa ce ba ta ɗaukar sababbi, don haka in an ce GLIBC_2.34 not found a kan 20.04 zaɓinka uku ne, ka ɗaga tsarin, ka nemi sigar manhajar da aka gina wa tsohon, ko ka sa ta a kwantena na sabon tsari. Wanda ya goge libc.so.6 ko ya kwafo na wani injin ya ɗora a kai, a daƙiƙar nan umarnin da zai gyara da shi ma ya daina aiki. In an kawo maka injin da aka yi wa haka kar ka yi saurin fomatin, tayar da shi da filash mai Linux, ka buɗe faifan injin daga can, ka mayar da fayil ɗin daga fakej ɗin libc6 na daidai sigar tsarin, bayanan mutumin suna nan ba abin da ya same su.

Mataki na 8: tono simlink ɗin da aka riga aka binne

Fara da tarihi:

sudo grep "ln -s" /home/*/.bash_history /root/.bash_history

Sai ka nemo waɗanda ke nuna babu:

find /usr/lib /usr/local/lib -xtype l

Wanda kake zargi kuma tambaye shi sunansa na gaskiya, kowane laburare yana ɗauke da shi a ciki:

objdump -p /usr/lib/x86_64-linux-gnu/libtiff.so.5 | grep SONAME

In fayil ɗin sunansa libtiff.so.5 amma ya amsa libtiff.so.6, ka kama shi. Tabbatar da ls -l cewa simlink ne, ka ga dpkg -S bai san shi ba, sannan sudo rm a kan simlink ɗin kawai banda fayil ɗin da yake nunawa, ka bi da sudo ldconfig. Kar ka bi duk simlink da ka gani a foldar kana gogewa fa, yawancinsu na halal ne, wanda ke kai libtiff.so.6 zuwa fayil mai ƙarin lambobi a bayan 6 ɗin haka aka tsara shi, wanda babu lamba sam kuma na fakej ɗin -dev ne. Abin zargi shi ne wanda lambar farko ta bayan .so a sunan simlink ɗin da ta fayil ɗin da yake nunawa suka saɓa.

Wani zai ce shi ya gwada da ldd -r ko LD_BIND_NOW=1 bai ga kuskure ba. Gwajin yana da amfani, yana tilasta a nemo duk sunaye tun farko, amma sunaye kawai yake dubawa, girman bayanai da jerinsu ba ya ganinsu, matsala ta uku tana nan inda take.

Kafin mizajur ta gaba

Ɗauki hoton tsarin da Timeshift, a Mint yana zuwa da shi, ko Clonezilla zuwa wani faifan waje, bayanan mai injin kuma a kwafe su daban. Zauna da shi ka tambaye shi da wace manhaja yake aiki kullum, ka duba /opt da /usr/local da apt list '~o' don ganin abin da ba daga rumbun tsarin ya zo ba, kowace ka duba NEEDED ɗinta ka gwada ta a sabon tsarin daga filash kafin ka taɓa faifan. In guda ɗaya da shagon ya dogara da ita ba ta da sabuwar siga, ba dole ba ne a ɗaga yau, Ubuntu Pro kyauta ce ga mutum har injin 5 don amfanin kansa kuma tana tsawaita gyaran tsaro na tsofaffin LTS, wato sigogi masu dogon tallafi irin 20.04. Ranar ɗagawar kuma laftof ya cika da caji, na tebur a sa masa ondulè, batirin da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke, ko a jira inda ke da sola, a sayi data da ta wuce abin da ya ce zai sauke, kuma a yi shi ranar da shagon ba shi da aikin gaggawa.